Gyaran bindiga ko injin ɗurin harsashi: wanne zan fara sa wa kuɗi?

Sabon_Maharbi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga mu a harka. Na fara shiga gasar IPSC (wasan harbin allo da ake haɗa sauri da daidaito) ta kulob ɗinmu a rukunin Production, wato na bindigogin da ba a yi wa babban gyara ba, da fistol ɗina CZ Shadow 2 yadda ta fito daga kamfani, ko kusa ɗaya ban taɓa kwancewa a jikinta ba. Na tara ɗan abin da na tara, kuma ba zai ɗauki abu biyu ba. Wasu na cewa in kai ta wurin maƙeri a sassauta kunama, a canja saiti da sifirin da mariƙi. Wasu na cewa in bar ta yadda take, in sayi injin ɗuri in riƙa haɗa harsashina da kaina. Ni dai gyaran ya fi kwanta mini a rai, don duk wanda ya wuce ni a maki sai in ga tasa ta sha aiki. Takarduna a cike suke, kuma dokar inda nake ta yarda mai lasisi ya yi ɗuri. Wanne zai zo farko?

Dan_Kwanso: Wa'alaikumus salam. Injin ɗuri, ba ma sai an ja zance ba. Shadow 2 tun da ta fito a 2016 don gasa aka ƙera ta, ba ta jiran gyaran kowa. Abin da ke jiran gyara shi ne hannunka, shi kuwa hannu harsashi yake ci.

Makerin_Zamani: Malam Dan_Kwanso, a yi mana adalci mana, mu ma da sana'armu muke ci. Amma gaskiya ɗaya ce, Sabon_Maharbi: kafin ka kai wa kowa bindigarka, buɗe ƙa'idojin rukuninka ka karanta shafin Production da idonka. A can an kafa wa kunama iyaka. Irin taka da harbin farko ke da dogon ja, nauyin jan farkon ba zai gaza kilo 2.27 ba. Masu ja iri ɗaya daga farko har ƙarshe, kamar Glock, nasu kilo 1.36 ne a kowane harbi. Ina ganin mutane suna kawo mini bindiga suna cewa "a mayar da ita kamar gashi", ranar gasa a rataya mata ma'auni ta kasa ɗauka, a tura su Open, rukunin bindigogin da suka sha gyara, su je su yi gogayya da masu jan ɗigo (saitin lantarki mai nuna ɗigo ja) da kwamfenseta (abin rage tsallen bakin bindiga). Kuɗi ya tafi, rukuni ya tafi.

Sabon_Maharbi: Ashe har aunawa ake yi? Na zaci a manyan gasa ne kawai.

Makerin_Zamani: A ƙananan gasar kulob sau da yawa ba a damuwa, amma ai ba za ka dawwama a kulob ba. Ka saba da abin da zai wuce ko'ina.

Hajiya_Saiti: Ni ban yarda da Dan_Kwanso ɗari bisa ɗari ba. Akwai gyaran ƙawa, akwai na dole. Hannuna ƙarami ne, da mariƙin da bindigata ta zo da shi yatsana ba ya kai kunama yadda ya kamata a jan farko, sai bakin bindigar ya riƙa karkata hagu. Da na sa siririn mariƙi, matsalar ta kau a take. Wannan ko harsashi dubu nawa na ƙona ba zai ƙara wa yatsana tsawo ba. Haka saitin gaba: wanda idonsa ya fara rauni, ɗan zaren nan ja ko kore mai ɗaukar haske yana taimaka masa ƙwarai. Waɗannan biyun ba su da tsada idan an kwatanta da inji. Ka yi su, sauran kuɗin ka ajiye.

Dan_Kwanso: Hajiya, mariƙi da saiti ban kira su gyara ba, daidaitawa ce. Na sallama.

Injiniya_B: Bari in shigo da lissafi, don a nan ne ɗuri ke da riba ta gaske, ba a aljihu kaɗai ba. A IPSC ana auna ƙarfin harsashi da wata ƙididdiga: nauyin kan harsashi a giren (ƙaramin ma'aunin nauyi), a ninka da gudunsa a ƙafa cikin sakan ɗaya, a raba da 1000. Mafi ƙarancin abin da ake karɓa 125 ne, shi ne Maina, wato ƙaramin aji na ƙarfin harsashi. Production kuwa duk a Maina ake lissafa kowa, ko da harsashinka ya kai 150 ba a ƙara maka ko maki ɗaya. To harsashin kanti yakan wuce 125 da tazara, wato kana shan shurin bindiga da ba wanda zai biya ka. Mai ɗuri yana iya sauko da nasa kusa da 130. Kai mai giren 124 a gudun ƙafa 1050 ya ba ka 130.2. Mai giren 147 a ƙafa 885 ya ba ka 130.1. Lamba ɗaya ce a takarda, amma a hannu sun bambanta: mai nauyin yana turo ka a hankali, marar nauyin yana fizga. Wasu sun fi son turi, wasu sun ce fizgar ta fi maido musu da saiti da wuri. Wannan zaɓin mai sayen kwali a kanti bai cika samunsa ba.

Mai_Shakka: To Injiniya, me ya sa 130? Tunda 125 aka ce, a tsaya a 125 mana a huta da shuri.

Injiniya_B: Saboda na'urar auna gudu ta wurin gasa ba taka ba ce, yanayin ranar ma ba naka ba ne. Yawancin albarushi kan rage gudu cikin sanyi. Za su karɓi harsashi 8 daga hannunka, su zare kan ɗaya su ɗora a sikeli, su harba uku ta cikin na'ura su ɗauki matsakaici. In ka gaza, akwai sauran da za su ƙara gwadawa da su, in aka ƙare ba ka kai 125 ba, za ka iya ci gaba da harbi amma makinka ba ya shiga lissafi. Bambancin shuri tsakanin 125 da 130 kuwa ban ga hannun da zai iya gane shi ba.

Baba_Dattijo: Yaro, ina karanta ku tun ɗazu. Kowa na yi maka tallar riba, bari ni in faɗa maka abin da ba a so a ji. Ɗuri aiki ne na mai natsuwa. In ka san kai mai waya a hannu ne, ko mai aiki ana hira, ko mai cewa "bari in ƙarasa ɗari biyun nan" alhali barci na fizgarka, to ka ci gaba da sayen na kanti, ba abin kunya ba ne.

Hatsari biyu ne manya. Na farko, kwanso, wato gwangwanin harsashi, ya wuce ba albarushi. Faraima, 'yar hular gindin kwanso da ke kunna albarushi, ita kaɗai tana da ƙarfin da za ta tura kan harsashi ya shiga bututu ya tsaya a ciki. Za ka ji ƙara 'yar ƙarama, ba shuri. Mai gaggawa sai ya ja silaid, saman bindigar da ke zamewa baya, ya sake harbi a kan wanda ya maƙale, bututu ya kumbura ko ya tsage. Na biyu, albarushi ya zuba sau biyu a kwanso ɗaya. Albarushin da 'yan gasa ke so mai saurin ci ne, ɗan kaɗan ake sawa, don haka a wasu kwansunan ninki biyu na iya shiga ba tare da ya zube ya tona kansa ba. Na taɓa tsayawa a bayan wani a fili lokacin da irin wannan ya tashi: gidan harsashi ya fito ta ƙasa, mariƙi ya dare, Allah Ya kiyaye tabarau na fuskarsa. Ba sabon shiga ba ne, ya fi ni daɗewa a harka.

Saboda haka in za ka yi: fitila a kan inji, ido cikin kowane kwanso kafin ka ɗora kai, gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur, kuma awo daga littafin kamfanin da ya yi albarushin, ka fara daga ƙasa. Duk wanda ya rubuto maka awo a wannan zauren ko wani zaure, ko da ni ne, kada ka zuba sai ka gan shi a takardar kamfani.

Sabon_Maharbi: Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Wannan ya sa jikina ya ɗan yi sanyi.

Baba_Dattijo: Gara ya yi sanyi yanzu.

Abu_Hanif: Ni tambayata ga masu cewa ana samun sauƙin kuɗi. A 9mm fa? Na zauna na lissafa faraima da albarushi da kai, na ga abin da ya rage tsakaninsa da na kanti bai taka kara ya karya ba, balle a sa kuɗin inji da sikeli da sauran tarkace, balle lokacin mutum. Masu .38 Super da .40 su ne za su yi wannan maganar, don nasu na kanti tsada gare shi kuma ba ko'ina ake samu ba.

Dan_Kwanso: Abu_Hanif, lissafinka daidai ne ga mai harbi kaɗan. Ribar tana cikin kwanso, shi ne ake maimaitawa, kuma kwanson 9mm a awon Maina yana jure ɗuri da yawa, galibi ɓacewa yake a ciyawa kafin ya tsage. Amma in faɗa maka gaskiya, ban san mai ɗurin da kuɗinsa ya ragu ba. Abin da ake kashewa ɗaya ne, harbin ne ke ninkuwa.

Abu_Hanif: To ka ga ka dawo kan maganata. Kuma kada a manta 2020 da 2021, lokacin da faraima ta yi ɓatan dabo a Amurka da wasu wurare. Masu inji sun zauna suna kallon injinsu.

Dan_Kwanso: Masu sayen na kanti ma a lokacin kallon kanta suke babu kaya, ai tare aka sha.

Gwanin_Alfa: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Sabon_Maharbi ya ce waɗanda suka wuce shi bindigoginsu sun sha aiki, shi ya sa yake ganin sirrin a can yake. Ɗan'uwa, karɓi bindigar wanda ya zo na ɗaya ka ba shi taka, ku sake zagaye. Zai sake cinye ka. Maki a wannan wasa ana raba abin da ka samu ne da lokacin da ka ɓata, kuma sabon shiga ba a kunama yake zubar da lokaci ba. A zaro bindiga yake zubarwa, da canjin magazin (gidan harsashi), da tafiya daga wuri zuwa wuri, da tsayawa yana tunanin allon da zai bi. Duk waɗannan ana koyonsu a ɗaki da bindiga ba harsashi, bayan ka duba ta ka sake dubawa kuma ka fitar da harsasai daga ɗakin gaba ɗaya. Abin da zan ce ka saya shi ne agogon nan mai ƙara da ke ƙirga harbi, sai kuɗin horo wurin wanda ya iya. Eric Grauffel na Faransa ya ci kofin duniya a Open tun 1999, da ya koma Production a 2014 ya sake ci. Mutumin ne, ba ƙarfen ba.

Makerin_Zamani: Gwani, kada ka kai ta da nisa. Ƙarfe ma yana magana. A 1990 Jerry Barnhart ya ci gasar ƙasa ta Amurka da jan ɗigo a kan bindigarsa, a shekarar kuma Doug Koenig ya ci ta duniya a Ostireliya da shi. Kafin a ce me, duk manyan sun koma can. In da kayan aiki ba sa canja komai, da ba a raba rukunoni ba tun farko.

Gwanin_Alfa: Tsakanin gwani da gwani, ƙarfe na raba gardama. Tsakanin sabon shiga da allo, babu ruwan ƙarfe.

Likita_R: Ku ba ni wuri in sa baki kan abin da ba a ambata ba, wato dalma. Mutane suna zaton sai mai narka ta ne ke cikin hatsari. Yawancin faraima akwai sinadarin dalma a cikinta, kuma ƙurar da ke tashi in ana wanke kwanso a busasshen injin girgiza cike take da shi. Kada a yi wannan aikin a inda yara ke wasa ko inda ake ci. Wanki da ruwa ya fi rage ƙura. A wanke hannu da sabulu bayan an gama, kayan da aka sa a fili a ware su. Mai yawan harbi a rufaffen fili ya riƙa gwajin jini lokaci-lokaci, don dalma tana taruwa ne shiru, ba ta ba da sanarwa da wuri. Mai juna biyu kuwa ta nisanci wurin baki ɗaya.

Hajiya_Saiti: Likita, Allah Ya saka. Wannan ya fi duk abin da muka faɗa muhimmanci ga masu iyali.

Mai_Shakka: Wani ya ce mini in ka harba harsashin ɗuri, kamfani ya zare hannunsa daga garantin bindigarka. Gaskiya ne?

Makerin_Zamani: Yawancin kamfanoni haka suke rubutawa a ɗan littafin da ke zuwa cikin akwati. Haka ma in ka bari aka taɓa cikinta da fayil. Ka ga ke nan duk hanyoyin biyu da Sabon_Maharbi ke tunani suna iya taɓa garanti. Kuma tunda an zo nan: goge kunama a gida da bidiyon intanet, a bar shi. Akwai ɗan lungu tsakanin hama, ƙarfen da ke bugawa harsashi ya tashi, da abin da ke riƙe ta, in aka ci shi fiye da kima sai hama ta riƙa bin silaid, bindiga ta tashi ba a taɓa ta ba. Harbin da ya kuɓuce a gasa kora ce nan take, in ma an yi sa'a a kora kaɗai abin ya tsaya.

Injiniya_B: In koma kan inji, tunda ba wanda ya ce masa wane iri. Akwai mai aiki ɗaya a kowane ja, akwai mai tashoshi da ke yin ayyuka da yawa lokaci guda. Na farkon ya fi koyar da mutum, amma ga mai gasar fistol da ke cin ɗaruruwa a wata, zai gaji. A masu tashoshi, injin Dillon 550 tasha huɗu gare shi kuma da hannu kake juya faifan. 750 tasha biyar, yana juya kansa, kuma ƙarin tashar na ba ka wurin sa na'urar da ke duba albarushi. Ni na fi son mai juya kansa, don mantawa da juyawa na cikin hanyoyin da ake zuba ninki biyu.

Baba_Dattijo: Ni kuma na fi son wanda nake juyawa da hannuna, don ba ya gaba sai na ce ya je. Kowa da inda natsuwarsa take. Abin da zan ƙara, tunda CZ gare shi: maƙogwaron bututunta, inda kan harsashi ke zama, gajere ne. Tsawon da ya zauna lafiya a Glock ɗin abokinka yana iya cije a taka. Iyakar tsawon harsashin 9mm a ƙa'ida milimita 29.69 ne, amma siffar kai ce ke yanke hukunci. Cire bututun, jefa harsashin ciki, ya faɗa da kansa ya juya ba cijewa, ka kife ya faɗo. In ya zama dole ka ƙara tura kai ciki, ka sani wurin albarushi ya ragu, matsi ya hau, sai ka koma ƙasan awo ka sake hawa a hankali. Kwanson 9mm ƙarami ne, ɗan motsi kaɗan yana canja abubuwa da yawa.

Dan_Kwanso: Sai tsince-tsince, Baba. Kwanson da aka kwaso a fili sai an tantance. Na .380 yana shigewa cikin na 9mm, milimita 17 ne a kan 19, ido ba ya saurin kamawa. Na ƙarfe da na alminiyam a zubar, maganaɗisu na fitar da na ƙarfen. In ka leƙa ciki ka ga huda biyu maimakon ɗaya a tsakiya, mai faraima irin Berdan ne, zai karya maka allurar cire faraima.

Bako_Daga_Nesa: Ina bin zaren nan da sha'awa. Ina so in ja hankalin masu karatu da ba su yi magana ba: Sabon_Maharbi ya ce dokar wurinsa ta yarda, kada wani ya ɗauka ko'ina haka ne. A Jamus, mallakar bindiga daban, izinin ɗuri daban, sai ka yi kwas ka ci jarrabawa a ƙarƙashin sashe na 27 na dokar abubuwan fashewa. A Ingila da Sikotland tun 1997, bayan kisan da wani ɗan bindiga ya yi a makarantar garin Dunblane, irin waɗannan bindigogin ma an hana farar hula riƙe su. Akwai ƙasashen da kwanso ɗaya a aljihu zai kai mutum kotu. Kowa ya tambayi hukumar da ta ba shi lasisi kafin ya yi odar komai.

Abu_Hanif: Kuma mai tafiya gasa ta jirgi, kilo 5 ne iyakar harsashin da ake bari a kaya, wajen 400 ke nan a 9mm. Babbar gasa da ɗan gwaji ta cinye su. Wani lokacin dole ka sayi na can, ka ga wanda ya saba da nasa mai laushi ya shiga uku.

Sabon_Maharbi: Na gode muku duka. Ga inda na tsaya a yanzu: zan bi shawarar Hajiya in canja mariƙi da saitin gaba, in sayi agogon da Gwani ya faɗa, kunama in bar ta. Inji kuma zan je in zauna kusa da wani dattijo a kulob ɗinmu in ga yadda yake yi tukuna. Amma Injiniya, maganar 147 ɗin nan ta tsaya mini a rai. In na sami na kanti mai wannan nauyin, zan ji bambancin da kake faɗa?

Injiniya_B: Za ka ji wani abu, amma ba duka ba, don na kantin yakan fi 885 gudu. Sayi kwali ɗaya na 124 da ɗaya na 147, ka sa wani ya cika maka magazin biyu ba tare da ka san wanne ne wanne ba, ka harba da agogo. Ka duba kuma inda kowanne ke sauka a mita 25, don ba lalle su faɗa wuri ɗaya ba.

Gwanin_Alfa: Ka rubuto mana lokutan in ka gwada. Ina da yaƙinin tazarar ba za ta kai abin da kake zubarwa a canjin magazin ɗaya ba.

Dan_Kwanso: Kwansunan dai kada ka bar su a ƙasa. Ko ba ka sayi inji bana ba, tara su a bokiti, in kuma ka fasa gaba ɗaya ka san wanda zai karɓa.

Hajiya_Saiti: Sabon_Maharbi, kafin ka biya kuɗin mariƙi, nemi masu irin bindigarka a kulob ka riƙa nasu ɗaya bayan ɗaya. Akwai siriri, akwai mai tudu a tafin hannu, kuma a hoto duk kamarsu ɗaya.